Shaidar Mai Ci a Bakin Titi

Unguwar Majema, Haɗejiya
Lahadi, 6 ga Oktoba

Zuwa ga Asabe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya kamar yadda nake a nan. Yaya jikin 'yarmu Amira mai jego, yaya wurin ɗinkin? Yaya baƙuwarmu, tana barinku barci kuwa? Ki gaishe mini da mijin Amira da mutanen gidansu, Allah ya raya mana.

Kada ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya a hannunki. Sau uku ina kiranki, sau uku kina katse ni da tambayar ko na sha maganin hawan jini. Na sha. Ita takarda ba ki da yadda za ki katse ta, sai dai ki ninke ki tura ƙarƙashin matashi. Zan riƙa bai wa direban motar Kano, ki sa a karɓo miki a tashar 'Yankaba.

Garin kunu da yajin da kika bar mini suna nan, ban ko buɗe ba. Kin san dalili, kuma na san sunan da kika sa wa abin: yawon kwaɗayi. To yawon yana nan, tafiyarki ma ƙara masa ƙarfi ta yi. Shekara talatin da biyar ina koyarwa, abincin ranata gyaɗa ce a aljihun riga. Tun da na ajiye aiki na ce sai na san abin da ake dafawa a garin da aka haife ni, kuma ban ga wanda na tare wa hanya ba.

Ran Litinin masa na ci a Kasuwar Kuda, mai ya yi mata yawa, na gaya wa mai ita. Talata na shiga wani sabon wuri a hanyar Nguru, mai gilasai da na'urar sanyaya ɗaki, aka kawo mini abin da suke kira shawarma. Asabe, kaza ce aka shafe da wani farin abu mai zaƙi aka naɗe kamar tabarma. Na cinye don kada a yi asara, na ce wa mai wurin Allah ya ba da kasuwa, amma ni da shi sai a hanya. Gurasar Abdulmannan kuwa ta gyaru. Tun da na gaya masa ina jin tsakuwa a haƙorina ya sake rariya, ko da yake har yau sama-sama yake amsa gaisuwata.

Laraba ce ranar daɗi. Na je wajen 'Yar'azumi, mai abinci ta bakin tasha, na tarar ta yi burabusko da miyar bandar tarwaɗa. Kai! Santi ya ɗebe ni har na tambayi wani fasinja ko a garinsu ma ana yin Laraba. Tana da ɗaki a ciki mai labule, amma ni bencin waje nake zama, ƙarƙashin dalbejiya, ina ci ina kallon motoci da kulolinta masu ɗigon jan fenti a murfi suna fita ɗaya bayan ɗaya zuwa ofisoshi.

Juma'a kuma na janyo wa kaina. Kin san Isa mai gidan burodi na Sabon Garu, wanda nake yabon burodinsa tun bara. Na saya, na gutsura a nan gaban kanta, na ji warin rima a ciki, irin na buhun da ya kwana a danshi. Da shiru zan yi in tafi, sai shi da bakinsa ya tambaye ni a gaban mutane yaya na ji shi. To me zan ce? Na faɗa. Mutum uku suka ajiye nasu suka fita. Isa ya biyo ni waje, ya sassauta murya, wai in dawo in ce hancina ne, shi kuma kullum za a kai mini burodi gida kyauta. Na ce hancina lafiyarsa ƙalau. Nan ya rantse ba zai ƙara sayar mini ko gutsure ba, kuma kada in ƙara taka masa ƙofa. Raina bai so ba, don mutumin kirki ne, amma warin yana nan.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki biro. Zara ta zo, 'yar marigayi abokina Mala Fannami. Ambaliyar bana ta shafe iyakar gonar da ya bar mata a fadamar Auyo, ruwa na janyewa Alhaji Tasi'u, maƙwabcin gonar, ya sa aka share masa har kusan rabin tata, wai nan iyakarsa take tun asali. Gonar nan da ita take ci da 'ya'yanta huɗu tun rasuwar mijinta. Ta kai ƙara kotu. Mu huɗu ne muka tsaya ranar da Mala ya sayi wurin, shekara ashirin da biyu ke nan, uku sun riga mu gidan gaskiya, saura ni. An ce idan na ba da shaida, ita kuma ta yi rantsuwa, magana ta ƙare.

Ban manta komai ba. Iyakar wata kanya ce, an sare ta daga baya, kututturen na nan ƙasa ta binne. A gindinta Mala ya gasa mana karfasa ranar, na jingina da ita ina fuskantar giginyar bakin ruwa. Ba zan ɓoye miki ba, kifin ne ya riƙe mini wurin a ka. Ran Alhamis za mu shiga, ki sa mu a addu'a.

Ki shafa mini kan jaririya. Na bar ki lafiya.

Mijinki,
Gwadabe

Haɗejiya
Alhamis, 10 ga Oktoba

Asabe,

Sallama da gaisuwa. Ina fata ku duka kuna lafiya, mai jego tana samun ƙarfi. Ni jikina lafiya, zuciyata ce ke tafasa, ko rigar da na je kotu da ita ban cire ba na zauna rubuta miki.

Na ba da shaida tiryan-tiryan, kamar ina karanta wa 'yan aji shida darasi. Shekara, rana, kanya, giginya, har sunayen mamatan da suka tsaya. Alƙali yana rubutawa yana gyaɗa kai. Da na gama ya juya ga Alhaji Tasi'u ya tambaye shi ko yana da wata suka a kan mai shaida, kamar yadda aka saba. Na gyara tsayuwa ina jiran ƙarya, don na shirya mata tsaf. Ashe da gaskiya zai kayar da ni.

Ya ciro wata 'yar takarda, da gani wani malami ne ya rubuta masa. Wai a littattafan shari'a, dattijon da ke cin abinci a kasuwa ko a bakin hanya, idon jama'a a kansa, ya zubar da kamalarsa, ba a karɓar shaidarsa. Sai ya shiga lissafo ni. An gan ni a tsaye ina cin masa a Kasuwar Kuda. An gan ni ina tafe ina gutsurar burodi daga leda. An gan ni a bencin 'Yar'azumi, tsakanin direbobi da 'yan kamasho, ina lasar yatsu biyar. Asabe, ashe sati guda ya sa ana bina.

Alƙali ya tambaye ni ko haka ne. Na ce haka ne, gyara ɗaya kawai, yatsu uku nake lasa, kuma gobe ma in Allah ya kai mu zan koma. Kotu ta kwashe da dariya har sai da aka tsawatar. Ni ban ga abin dariya ba. Na waiga na ga Zara ta sunkuyar da kai.

Alƙalin ba shi da laifi, mutum ne mai natsuwa. Ya ce maganar tana cikin littafi, amma ba zai yanke a kanta da gaggawa ba. Ya ba ni sati uku in kawo mutum biyu masu mutunci, waɗanda suka san ni ciki da waje, su tabbatar masa ni mai gaskiya ne. Idan na kawo, shaidata ta tsaya. Idan ban kawo ba ta faɗi, ita kuwa Zara ba ta da kowa bayana.

Wai ni Gwadabe za a nemo wa masu wanke ni! Rabin ma'aikatan kotun nan ni na koya musu riƙon fensir. Na taɓa cin na wani? Na taɓa matsar da iyakar wani da dare ko da rana? Da kuɗin fanshona na sayi masa, na yi bisimilla na ci, na yi hamdala. Wanda ya haɗiye rabin gonar marayu yana zaune da babbar riga ana ce masa ranka ya daɗe, mai cin masa shi ne marar kamala. Ikon Allah!

Amma kada ki damu. Shekara ashirin da takwas ina zama a majalisar Malam Adamu a ƙofar masallaci bayan la'asar, mu bakwai ne. Mutum biyu ai ba za su gagara ba.

Ki gaida kowa.

Naki,
Gwadabe

Haɗejiya
Lahadi, 20 ga Oktoba

Zuwa ga Asabe,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarki da ta Amira da 'yar jaririya. Na ji an ce cibiya ta warke, alhamdulillahi.

Saƙon muryarki ya iso, na saurara har sau biyu, minti tara cif. Kin ce dama kin faɗa. Kin faɗa, ban musa ba. Kin ce matan unguwa za su ce kin kasa riƙe miji da tukunya. Sannan a ƙarshe murya ta canza, kika tambaye ni ko girkinki ne ya kore ni waje shekara uku, in gaya miki gaskiya. Wannan tambayar na ajiye ta, ba yau ba, kaina ya yi zafi da yawa.

Na je majalisa na faɗi buƙatata. Wallahi na zaci kafin in rufe baki za a yi rige-rigen tashi. Sai kowa ya shiga kallon carbinsa. Kin san ƙanwar Malam Adamu ce ke auren Alhaji Tasi'u, wani kuma a wajensa yake samun taki duk shekara. Daga ƙarshe Malam Adamu ya yi gyaran murya, ya ce su ba su ƙi ba, amma su ma abin ya daɗe yana damunsu. Sharaɗinsu ɗaya: in tsaya a gabansu in ce na tuba da ci a waje, in yi alkawarin na bari har abada, sannan biyu daga cikinsu su raka ni.

Na ce in tuba da me? Tuba ai daga saɓo ake yinta. In na ce na tuba alhali zuciyata ba ta ga laifi ba, na yi ƙarya ke nan. Wato in yi ƙarya don a je kotu a rantse cewa ba na ƙarya. Na kaɗe rigata na tashi, ko sallama ban yi musu ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, Asabe, na san su. Ni da ke zaune a bencin waje ina ganin mai shiga ta ƙofar baya. A cikin su shidan, huɗu na cin abincin 'Yar'azumi. Biyu a ɗakin labule suke zama, su cire hula su yi zufa su sha romo, su goge baki su fito suna tasbihi. Biyu kula ake kai musu shago a ɓoye cikin buhu. Shi kansa Alhaji Tasi'u duk ranar kasuwa motarsa na tsayawa bayan rumfar, gilashi a rufe. Bambancina da su labule ne kawai, yadi biyu na atamfa.

Na yi niyyar in tashi a kotu in zayyano su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ji yadda na ji. Na gaya wa 'Yar'azumi. Matar nan ta ajiye ludayi ta ce in rufa mata asiri, wanda ya shiga bayan labulenta amana ya ba ta, ranar da sunan mutum ɗaya ya fita, ranar kasuwarta ta mutu. Ta yi gaskiya. Ba zan rushe rumfar wata don in gyara gonar wata ba. Na haɗiye maganar.

Jiya da hantsi Zara ta zo. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ƙi hawa tabarma. Ta ce ruwa ya janye, maƙwabta sun fara gyaran fadama, irin shinkafarta na nan a buhu, in watan gobe ya wuce ba ta shuka ba, bana ta wuce ta ko da ta ci shari'a. Ta ji sharaɗin da aka sa mini, ta ji na ƙi. Sai ta ɗago ta dube ni, yarinyar da aka raɗa wa suna a gabana, ta ce Baba, yanzu kwanon miya ya fi gonar marayu a wajenka?

Na tuna bayanin da na yi wa majalisa. A gaban dattawa maganar ta yi daɗi, a gabanta kuwa ba ta da nauyin komai. Ta tashi ta tafi, ruwan da na kawo mata ko taɓawa ba ta yi ba.

Har yanzu ina nan a kan cewa ban yi laifi ba. Amma tun jiya ban iya cin komai ba, ke kin san wannan ba ƙaramin abu ba ne a wajena.

Ki yi mini addu'a.

Mijinki,
Gwadabe

Haɗejiya
Asabar, 26 ga Oktoba

Asabe,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Wannan gajeriya ce.

Na je na yi. Kwana biyar ina kokawa da kaina, ran Alhamis bayan la'asar na tsaya a gaban mutum shida, na cire girman kai na ajiye, na ce na tuba, na bari.  Mala nake gani a idona, shi ya sa na iya.

Kin san abin da Malam Adamu ya ce? Ya ce madalla, Allah ya karɓa. Sai dai ita tuba ba a shaidarta ran da aka yi ta, sai an zuba wa mutum ido an ga ɗorewarta, kamar wata shida haka. Bayan nan, in an ga na tsaya, ba abin da zai hana su raka ni ko'ina. Wata shida, Asabe, alhali shari'a saura sati ɗaya, kuma ya sani. Sauran suka ce haka ne, haka ne. Ashe tun farko ba mai niyyar zuwa, so suke kawai su ga na durƙusa.

Ban yi musu faɗa ba. Na ce su shaida na janye tubar, don ta ƙarya ce, kuma ita ce ƙarya ta farko da suka taɓa ji a bakina, su riƙe ta da kyau don ba za su samu ta biyu ba.

Na dawo gida na buɗe akwati, na ciro farar shaddar nan ta Babbar Sallah da hular da kika saya mini, na fesa turare. Na tafi bakin tasha a ƙafa, ta gaban majalisar, a hankali. Na sa 'Yar'azumi ta jawo mini benci har bakin kwalta, na ce ta zubo shinkafa da wake da soyayyen kifi, ta ƙara yaji. Na ci ina amsa gaisuwar masu wucewa da hannun hagu. Da ta ga idona ya yi ja ta tambaye ni ko yajin ne, na ce mata ba shi ba ne, na kwashe komai na gaya mata. Sai ta ƙara mini kifi.

Ran Alhamis zan je kotu ni kaɗai. Zan gaya wa alƙali ban samu kowa ba, kuma shaidata gaskiya ce ko an karɓa ko an ƙi. Abin da zan ce wa Zara ne ban sani ba, tsoron haɗa ido da ita nake ji.

Naki,
Gwadabe

Haɗejiya
Lahadi, 3 ga Nuwamba

Zuwa ga matata Asabe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da begen ganinki, ina fata kina cikin ƙoshin lafiya, ke da Amira da 'yar baƙuwa da duk mutanen gidan. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta, kada kuma ki tsallaka zuwa ƙarshe yadda kika saba.

Na isa kotu ni kaɗai kamar yadda na ce. Zara na gefe da mayafi ta rufe rabin fuska. Alƙali ya tambaye ni ina mutanena, na buɗe baki ke nan in ce babu, sai na ji an yi sallama daga baya. Na waiga, wa zan gani? Isa mai burodi, da garin fulawa a gashin hannunsa, Abdulmannan mai gurasa na biye da shi. Na ce shi ke nan, Alhaji ya ɗauko su su ƙarasa ni. Ashe 'Yar'azumi ce ta rufe rumfarta ran Laraba ta bi su har wurin sana'arsu.

Isa bai ko kalle ni ba. Ya gaya wa alƙali sunansa da sana'arsa, ya ce tun farko a rubuta cewa shi ba abokina ba ne, ba ya ma amsa sallamata, kuma bayan an tashi ba zai fara ba. Ya ba da labarin ranar Juma'ar nan duka, har tayin burodin kyauta da ya yi mini, bai rage komai ba. Ya ce da na tafi, don haushi ya shiga sito ya sa aka sauke buhunan don ya ƙaryata ni, sai ya tarar na ƙasan duk sun sha danshin ambaliya, shi hancinsa ya saba bai ji ba. Buhu tara ya zubar. Ya ce ranka ya daɗe, wannan tsohon ya ja mini asara ya kunyata ni a gaban masu sayayya, da ya iya ƙarya da ranar ya yi mini ita, don yana sona kuma yana son burodina. Mutumin da ya kasa yin ƙarya a kan burodi ɗaya, shi bai ga yadda zai yi ta a kan gona ba.

Abdulmannan ya ce shi nasa tsakuwa ce, kuma akwai ta. Ya ce shekara uku ina cin gurasarsa, ran da ta yi kyau na faɗa, ran da ta ɓaci na faɗa, har matarsa ta san ranar da na zo daga yanayin fuskarsa.

Alƙali ya tambayi Alhaji Tasi'u ko yana da suka a kan waɗannan biyun. Ya duba takardarsa gaba da baya, malaminsa bai rubuta masa wannan ba. Sai alƙali ya yi bayani, ya ce abin da littafi ke nufi shi ne mutumin da ya daina jin kunyar abin da mutanen garinsa ke ƙyama, irin wannan ana tsoron ba zai ji kunyar ƙarya ba. Ya ce wannan kuwa ya danganta da gari da zamani, kuma a Haɗejiyar yau bai ga wanda bai taɓa cin abincin sayarwa ba, sai dai wanda ba a gani ba. Ya karɓi shaidata. Zara ta yi alwala ta rantse. Ina fita na hangi wata kula a bakin ƙofar ofishin alƙali, da ɗigon jan fenti a murfinta. Na kawar da kai, ban ga komai ba, ke ma ba ki ji ba.

Jiya aka fita Auyo da wakilan kotu da mai unguwa, muka ƙarasa a kan babura don mota ba ta shiga. Wurin ya canza sarai, duk laka ce shimfiɗe. Na nemi giginyar, na juya mata fuska, na ja da baya har inda na ji nan ne na zauna ranar da Mala ya miƙo mini kifi a kan ganye. Na ce a tona nan. Aka tona, babu. Alhaji ya fara murmushi. Na tuna ai jingine nake, kanyar a bayana take. Na ce a ƙara taku biyu. Fatanya ta uku ta daki itace. Zara ta durƙushe a cikin lakar nan ta dafa kututturen tana kuka tana kiran sunan babanta, ni ma na juya baya na yi abin da na yi. Jibi za ta fara shuka.

Da yamma ta aiko mini da bandar kifi, ta ce in yafe mata maganar da ta faɗa. Na ce a gaya mata ba ta faɗi abin yafewa ba. Majalisa kuwa na bar musu, bencin 'Yar'azumi ya ishe ni. Na je har Sabon Garu don in yi wa Isa godiya, ya hango ni ya shige ciki, amma na dawo na tarar an rataya mini burodi mai zafi a ƙofar gida. Warin ya tafi. Sukari ya ɗan yi yawa, gobe zan je in gaya masa.

Saura tambayarki da na ajiye. Shekara talatin da shida kina ajiye mini kwano, ban taɓa ce miki ya yi daɗi ba. Haka na ga mahaifina yana yi, ya ci ya tashi, na ɗauka haka ake yi. Na yabi masu masa, na yabi masu gurasa, ke ban taɓa ba, kuma wannan laifi ne na gaske, shi ne wanda ya cancanci tuba. Ba girkinki ne ya kore ni ba, Asabe, son ganin gari ne da kwaɗayi, yadda kika faɗa. Shekara uku na zaga Haɗejiya daga Matsaro har Yankoli, na ci na mai tsada na ci na mai araha, duk inda aka ce ana miyar kuka na je na ɗanɗana. Ban samu wadda ta kama ƙafar taki ba. Ko ta 'Yar'azumi, kuma na gaya mata a gabanta tun bara, ta yi kwana biyu tana fushi da ni.

In kina shakka, akwai takardar kotu da sa hannun alƙali, an tabbatar ba na ƙarya a kan abinci.

Ran Alhamis ake cika arba'in. Ki taho da motar safe, zan tsaya miki a tasha. Na sayo kuka sabuwar daka da daddawa, bandar Zara ma na ajiye ban taɓa ba.

Allah ya kawo ki lafiya.

Mijinki mai jiranki,
Gwadabe